Yadda ake cin ots don ciwon suga da lafiyar zuciya

Ots hatsi ne, ɗan'uwan alkama da sha'ir, ana noma shi a ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Rasha. Fiye da rabin nauyinsa sitaci ne, kuma kusan duk sitacin da ya shiga ciki suga yake komawa. Don haka wanda aka ce masa "sha ots, yana saukar da suga" rabin magana aka ba shi. Ots ba ya saukar da suga. Abin da yake yi shi ne, idan aka ci shi a madadin koko mai sukari, ko shayi da burodi, ko faranti guda na masa, sugan jini yana hawa a hankali kuma ba ya kaiwa inda waɗancan suke kai shi. Idan kuwa aka ɗora shi a kan karin kumallon da aka saba, an ƙara wa jiki kaya ne kawai.

Amfaninsa yana cikin wani nau'in faiba mai narkewa a ruwa da ake kira beta-gulukan. Shi yake sa kunun ots ya yi yauƙi idan ya dahu, irin yauƙin miyar kuɓewa, kuma yauƙin nan aiki biyu yake yi. A tumbi yana sa abinci ya daɗe kafin ya gangara hanji, a hanji kuma yana rage saurin tsotse suga zuwa jini. Aiki na biyu shi ya shafi zuciya. Hanta tana amfani da kolestarol wajen haɗa ruwan matsarmama, wanda ake zubawa cikin hanji don narkar da maiƙo, sannan jiki ya sake tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta. Yauƙin ots yana riƙe wani kaso na wannan ruwa ya fita da shi a bayan gida, sai ya zama dole hanta ta ɗebo kolestarol daga cikin jini ta haɗa sabo. Ta haka LDL yake raguwa, wato kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya toshe su.

A 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwalin ots cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, bisa giram 3 na beta-gulukan a rana. Wanda ya riƙe wannan awo na makonni, LDL ɗinsa yakan sauka da wajen 0.25 mmol/L, kimanin 10 mg/dL ke nan. Ba ƙaramin abu ba ne ga abincin da ba shi da wata babbar illa ga yawancin mutane, amma a kwatanta shi da ƙwayar maganin kolestarol irin atorvastatin da ke iya rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Wanda likita ya rubuta wa maganin ya ci gaba da shan abinsa.

A ɓangaren suga lissafin ya fi tsauri. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2011 sai abinci yana da giram 4 na beta-gulukan a kowane giram 30 na sitaci kafin a yi masa iƙirarin rage hawan suga bayan cin abinci. Ots na gwangwani wajen rabin haka yake da shi. Wannan ne dalilin da ya sa irin ots ɗin da aka saya, da yawan da aka auna, da abin da aka zuba a kai suke da nauyi sosai.

Wanne za a saya

Ƙwayar ots ɗaya ce, sarrafawa ce ta bambanta, kuma gwargwadon yadda aka lallasa ƙwayar gwargwadon saurin narkewarta a ciki. Akwai ɓarzajje, wanda aka yayyanka ƙwayar gida biyu ko uku ya fito kamar tsaki. A jikin ledarsa ana rubuta steel-cut, yana cin minti 20 zuwa 30 a wuta. Akwai wanda aka turara aka danne ya yi faɗi-faɗi da ɗan kauri, shi ne rolled ko jumbo, minti biyar ya ishe shi. Sai quick, wanda aka ƙara yankawa aka danne ya yi fale-fale, minti ɗaya zuwa biyu. Na ƙarshe instant, an riga an dafa shi an busar, ruwan zafi kawai yake jira.

A ma'aunin saurin ɗaga suga, inda tsantsar gulukos take 100, ɓarzajje da mai faɗi suna wajen 53 zuwa 55, mai saurin dahuwa wajen 70, na ruwan zafi wajen 75. Farin burodi ma wajen 75 yake. Wato wanda ya bar burodi ya koma ots na ruwan zafi bai yi nisa ba ta fuskar suga, ko da yake ta fuskar kolestarol ya samu riba, tunda beta-gulukan yana nan a cikinsu duka.

Yawancin abin da ake samu a shagunan Wunti da babbar kasuwa da sauran kantunan cikin garin Bauchi mai saurin dahuwa ne, na gwangwani ko na leda, irin su Quaker. Mai faɗi sai a manyan kantuna, ɓarzajje kuwa sai an dace. Idan mai saurin dahuwa ne kaɗai a hannu ba a fasa ba, sai dai a tsaya kan awo kuma kada a cika masa wuta.

A juya bayan kwalin a karanta jerin abin da ke ciki. Kalma ɗaya ake so a gani: oats, wato ots. Ƙananan ledoji masu ɗanɗanon zuma ko ayaba ko cakulan yawanci an riga an zuba musu sukari, wasu har cokalin shayi biyu zuwa uku a leda ɗaya. Haka giranola, ots ne da aka gasa da mai da sukari ko zuma. Kastad ba ots ba ne, garin sitacin masara ne da aka yi wa kala. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ake ɗebowa daga buhu a auna a mudu ya fi araha, amma a sansana shi tukuna: warin tsohon mai ko ɗaci a harshe alama ce ta ya daɗe a zafi.

Awo

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Awon mutum ɗaya a zama ɗaya giram 40 ne na busasshen ots, kafin a zuba ruwa. A cikinsa akwai kabohaidiret, wato sitaci da danginsa, wajen giram 27, faiba giram 4, furotin giram 5, mai giram 3, kalori wajen 150. Idan babu sikeli a gida, giram 40 shi ne cokalin cin abinci takwas a shafe, ba masu tudu ba; ko kashi biyu cikin uku na ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da ake awo da shi, don cikakken gwangwanin yana ɗaukar wajen giram 55 zuwa 60. A samu kofi guda a yi masa alama a daina awo da ido, domin busasshen ots giram 40 kaɗan yake gani a tukunya, hannu kuma yakan so ya ƙara.

Wata hanyar bincike mai sauƙi: gwangwani mai giram 500 ya kamata ya yi wa mutum ɗaya kwana 12 idan sau ɗaya yake sha a rana. Idan yana ƙarewa a mako guda, kusan ninki biyu ake sha.

Sai dai akwai cin karo tsakanin buƙatar zuciya da ta suga. Giram 40 yana ba da beta-gulukan wajen giram ɗaya da rabi. Kafin a kai giram 3 ɗin da ake nema don kolestarol sai an ci wajen giram 75, wanda yake ɗauke da kabohaidiret kusan giram 50. Ga wanda ba shi da ciwon suga, wanda kolestarol ko hawan jini kawai yake fama da shi, babu laifi ya cinye giram 75 ɗin da safe. Ga mai ciwon suga kuwa wannan ya yi yawa a zama ɗaya, musamman da safe, lokacin da jikin mutane da yawa ya fi gardama wajen sarrafa suga. Mafita ita ce a raba: giram 40 da safe, giram 35 da rana ko da dare, kuma na biyun ya maye gurbin wani ɓangare na shinkafa ko tuwon da za a ci. Wanda ya samu dusar ots, wato oat bran a rubuce, ya huta, don ta fi ƙwayar yawan beta-gulukan. Cokali biyu daga cikin takwas ɗin nan a musanya su da ita.

Kunu

A zuba ruwa mililita 250 a ƙaramar tukunya, rabin ledar ruwa ke nan. A jefa citta ɗan yanki ko kanumfari biyu ko ɗan ɓawon kirfa don ƙamshi. Idan ya tafasa a zuba ots ɗin da aka auna, a rage wuta, a riƙa juyawa don kada ya kama. Mai saurin dahuwa minti biyu, mai faɗi minti biyar. A sauke, a rufe na minti biyu ya ƙarasa da tururinsa. Ɓarzajje yana son ruwa ninki uku zuwa huɗu na yawansa. Idan aka zuba masa tafasasshen ruwa a filas tun dare, da safe ɗumamawa kawai yake buƙata, an rage gas ko gawayi.

Kunun ya zama mai kauri, wanda sai da cokali. Akwai masu tsinka shi ya zama tsararo su kwankwaɗe a kofi kamar koko. Abin da aka kurɓe cikin minti ɗaya ya fi saurin barin tumbi, yauƙin da ake nema kuma an tsinka shi, sannan yunwa ta dawo kafin hantsi. Akwai kuma masu barinsa a wuta kwata guda har ya narke ya zama lumus; yawan dahuwa yana buɗe sitacin ya ƙara saurin narkewa. A bar shi da ɗan abin taunawa. Kada a tace shi ta rariya ko abin tata, domin abin da ya rage a saman rariyar yana cikin abin da aka kashe kuɗi a kansa.

Yanzu abin da ake zubawa a kai. Ƙwayar sukari ɗaya wajen giram 5 ce, cokalin shayi na garin sukari giram 4, cokalin cin abinci na zuma kuma yana ɗauke da suga giram 17. A lissafa: ots 27, sukari ƙwaya uku 15, zuma cokali ɗaya 17, an tashi da kabohaidiret giram 59. An ninka nauyin kwanon fiye da sau biyu, gobe a ce ots bai karɓi mutum ba. Zuma tana da darajarta, amma a jinin mai ciwon suga suga ce. Haka dabino, haka mazarƙwaila. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba ta da gurbi a nan, haka garin cakulan da ake haɗa shayi da shi.

Abin da ya dace a zuba shi ne abin da ke ƙara rage saurin narkewa, wato furotin da mai mai kyau. Soyayyar gyaɗa marar gishiri cikin tafin hannu ɗaya, wajen giram 30, a ɗan daddaka. Ko riɗi cokali ɗaya. Ko kindirmo marar sukari rabin kofi bayan kunun ya huce kaɗan. Dafaffen ƙwai ɗaya ko awara yanka biyu a gefe suna riƙe ciki har azahar. Madara ba laifi, amma a san kofi ɗaya na mililita 250 yana da nasa sugan wajen giram 12. Ta gari cokali biyu ta isa, kuma mai kula da kolestarol ya nemi wadda aka rage wa maiƙo. Idan baki yana neman zaƙi, a yayyanka ƙaramar gwaiba ko rabin tuffa a ciki. Kirfa don ɗanɗano ake saka ta, kada a dogara da ita a matsayin magani.

Idan Baba ko Inna ake dama wa, wanda ya shekara sittin yana shan koko da sukari, ba a cire masa sukari rana ɗaya. Zai ce "'yar nan, wannan ai salam yake", ya tura kwanon gefe, ko ya jira a fita ya zuba da kansa. A rage ƙwaya ɗaya kowane mako, a ƙara gyaɗa da citta, harshe yana sabawa.

Fate, wanda ya fi kunun

A ganinmu hanya mafi dacewa da mai ciwon suga a wannan yanki ita ce faten ots, don ba ya kiran sukari ko kaɗan, kuma rabin kwanon ganye ne. A soya albasa da tumatir ɗaya da ɗan attaruhu a man gyaɗa cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. A zuba ruwa wajen mililita 350, da daddawa, da dakakkiyar gyaɗa cokali ɗaya. Idan ya tafasa a zuba ganye cike da hannu biyu: alayyafo, ko zogale da aka riga aka tafasa, ko rama, da ɗan yakuwa don tsami. Ots shi ne na ƙarshe, giram 40, minti uku zuwa biyar a sauke. Idan aka fara da shi kamar yadda ake yi da tsaki zai narke ya dame kafin ganyen ya dahu. Dafaffen wake ludayi ɗaya ko busasshen kifi yana mai da shi cikakken abincin rana, sai dai wake ma yana da sitacinsa, idan za a saka shi a rage ots zuwa cokali shida.

A kula da gishiri a nan, don mai neman lafiyar zuciya bai kamata ya gyara kolestarol ya ɓata hawan jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma sinadarin ɗanɗano na dunƙule mafi yawansa gishiri ne. Rabin dunƙule ya isa kwanon mutum ɗaya, daddawa da tafarnuwa su cike sauran.

Jiƙaƙƙe

Ana iya cin ots ba tare da dafawa ba, tunda an turara shi a masana'anta. A haɗa giram 40 da kindirmo rabin kofi da ruwa rabin kofi, a rufe ya kwana a firji. Ga mutane da yawa wannan ba ya ɗaga suga kamar dafaffe. Matsalarsa wutar lantarki. A zafin Maris da Afrilu, abin da aka haɗa da madara ko nono bai kamata ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje ba. Inda firji ba abin dogaro ba ne, a jiƙa da safe na minti 20 zuwa 30 a ci nan take. Nonon ya kasance na madarar da aka tafasa kafin ta kwana, yogot na kanti kuma a karanta jikinsa, mafi yawansu masu sukari ne.

Tuwon ots

Wannan ya shigo gidaje da sunan tuwon masu suga, kuma a nan aka fi samun sakamakon da ba a zata ba. Dalili biyu ne. Idan aka niƙa ots a injin markaɗe ya zama gari, an yi masa abin da masana'anta ke yi wa na ruwan zafi, har fiye. Sannan malmala ɗaya irin ta gidajenmu tana iya cin gari giram 100 ko sama da haka, kabohaidiret kusan giram 70 ke nan a zama ɗaya, da dare, a kwanta a kai. Mai yin haka bai tsere wa tuwon shinkafa ko na masara da wani abin kirki ba ta fuskar suga.

Wanda ba ya iya kwana ba tuwo ya yi haka: a auna giram 50, cokali goma a shafe, kafin a niƙa. A ɓarza shi sama-sama, kada ya yi laushin fulawa. A dama da ruwan sanyi wajen mililita 200 a cikin tukunyar tun kafin a ɗora a wuta, don idan aka zuba garin a tafasasshen ruwa gudaji yake yi. A tuƙa a ƙaramar wuta minti uku zuwa biyar, a yayyafa ruwa kaɗan a rufe ya sulala. Malmalar da za ta fito ba za ta wuce dunƙulen hannu ba, kuma ita ce rabon. Miya ita za ta cika ciki: kuɓewa, kuka, karkashi, ko miyar ganye da kifi, a rage manja da man shanu da kitse, waɗanda su suke ɗaga LDL ɗin da ake ƙoƙarin saukewa. A ci da wuri, bayan magariba, a ɗan taka na minti 10 zuwa 15 bayan an gama. Tafiyar masallaci sallar isha'i da ƙafa ma ta wadatar.

Na'ura ce alƙali

Jikin kowa da yadda yake karɓar ots. Mutum biyu za su sha kwano iri ɗaya, sugan ɗaya ya tsaya lafiya, na ɗayan ya yi sama. Ba a sanin wannan da jin jiki, sai da na'urar gwajin suga. A wanke hannu da sabulu a busar, don ragowar 'ya'yan itace a yatsa yana ba da lamba ta ƙarya. A gwada kafin cokalin farko, a rubuta. A sake gwadawa bayan awa biyu cif daga cokalin farko, ba daga na ƙarshe ba. A yi haka safiya uku da ots, da kuma safiya uku da karin kumallon da aka saba, magani da lokaci iri ɗaya, sannan a kwatanta.

Ga yawancin manya masu ciwon suga, abin da ake nema kafin cin abinci shi ne 80 zuwa 130 mg/dL, bayan awa biyu kuma ƙasa da 180. Idan na'urar mmol/L take nunawa, 4.4 zuwa 7.2 ke nan da kuma ƙasa da 10; ana raba lambar farko da 18 a samu ta biyu. Masu juna biyu nasu ya fi tsauri, ƙasa da 95 da safe kafin a ci komai, ƙasa da 120 bayan awa biyu, kuma asibitin awon ciki ne zai tsara musu.

Idan lambar ta haura 180, a gyara abu ɗaya a lokaci guda don a gane mai laifin. Da farko a cire duk wani zaƙi. Idan bai sauka ba a rage ots zuwa giram 30, cokali shida, a ƙara ƙwai. Idan bai sauka ba a koma mai faɗi ko ɓarzajje, ko a mayar da ots ɗin abincin rana a matsayin fate. Idan duk an yi haka yana nan sama, ko dai ots ba abincin wannan jikin ba ne, ko maganin ne yake buƙatar dubawa, kuma littafin da aka rubuta lambobin shi za a kai wa likita.

Kolestarol ba a ganinsa a na'urar gida. A yi gwajin maiƙon jini kafin a fara, a maimaita bayan wata biyu zuwa uku. Gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na wajen wata uku, shi ma a yi shi a farko da bayan wata ukun; ga mafi yawan manya ƙasa da kashi 7 cikin 100 ake nema. Ana yin irin waɗannan gwaje-gwaje a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ɗakunan gwaji masu rajista.

Magani da azumi

Wanda yake kan allurar insulin, ko ƙwayoyi irin glibenclamide da gliclazide, ya sani cewa rage sitacin safe ba tare da an daidaita magani ba yana iya faɗar da suga ƙasa da ƙima. Metformin shi kaɗai da wuya ya yi haka. Alamomin su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, gani dishi-dishi. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini: sukari ƙwaya uku a ruwa, ko zuma cokali ɗaya, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa. A wannan hali ba a ba da ots, don jinkirin da ya sa ake yabonsa shi ne zai cutar. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Ots ya dace da sahur saboda yana daɗewa a ciki: giram 40 da gyaɗa da ƙwai, a jinkirta shi zuwa dab da alfijir, a sha ruwa sosai. Amma tsarin magani na watan azumi ana yin sa da likita makonni kafin a ga wata, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Masu ciwon ƙoda da aka hana su wasu abinci su tambaya kafin su mai da ots abincin kullum, don yana da sinadarin fosforas da ɗan yawa. Wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa har tumbinsa ya daina sauke abinci da wuri, yana ƙoshi da loma kaɗan yana tashin zuciya, ƙarin faiba zai tsananta masa. Wanda aka tabbatar jikinsa ba ya karɓar alkama ya nemi ots da aka rubuta a jikinsa cewa babu gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama, saboda ana yawan sarrafa ots da alkama a inji ɗaya. Mai shan levothyroxine na maƙoshi ya sha shi da ruwa a cikin da ba komai, ya jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kunun. Ciwon ƙirji da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, numfashi sama-sama, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki ba maganar abinci ba ce, gaggawa ce.

Kumburin ciki, ajiya da kuɗi

Kumburi da yawan tusa a makon farko ba alamar cuta ba ce. Ƙwayoyin halittar hanji ne suke cin faiban da ba su saba da shi ba. A fara da cokali huɗu na kwana uku ko huɗu, a ƙara zuwa shida, sannan takwas. A sha ruwa da kyau, in ba haka ba bayan gida zai yi tauri maimakon sauƙi.

Ots ya fi yawancin hatsi mai, shi ya sa yake saurin canza wari a zafi. Da an buɗe leda a juye shi a roba ko kwalba mai murfi sosai, a ajiye nesa da murhu da rana. Da damina a kula da danshi da ƙwari, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Shigo da shi ake yi, kuɗinsa yana bin dala, kuma ba kowane gida ne zai iya gwangwani biyu zuwa uku a wata don mutum ɗaya ba. Wanda bai da hali bai rasa komai ba. Sha'ir, wanda ake yin talbina da shi, yana da beta-gulukan kamar ots, sai dai a nemi ɓarzajje kuma a bar zumar. Wake yana da faiba mai narkewa a ruwa ga furotin, kuma yana cikin abincin da ya fi jinkirin ɗaga suga. Alale ko dafaffen wake da ganye karin kumallo ne mai kyau. Kunun gero ko dawa da aka niƙa da dusarsa ba a tace ba ya fi koko. Accar da ake nomawa a wajen Tafawa Balewa da Bogoro hatsi ce mai kyau, amma ita ma sitaci ce: a auna ta da cokali, a gwada ta da na'ura bayan awa biyu, kamar yadda ake yi wa ots.